Tsoho Yana Gaishe Ku

Har yau idan na ji wani ya taɓe baki ya ce ai fim ne kawai, mene ne na ɗaga jijiyar wuya, sai in ji kamar in jefe shi da ludayin da ke hannuna. Wataƙila a gidansu fim ne kawai. Mu a gidanmu, akwai shekarun da duk mutuncin maigida yake kan wata farar kujerar roba a Sabon Gari, kuma fim ne ya ɗora shi a kanta.

A Samaru muke zaune a lokacin, a wani gidan haya bayan kasuwa, shekarun da wayar salula ta fara shigowa, maza suna ɗaura ta a ƙugu don a gani. Ni ina koyarwa a firamare. Maigidana ƙaramin akawu ne a wani ofis, irin wanda ake aika ya ɗauko fayil, idan ya kawo kuma ba mai ɗaga kai ya dube shi. Daga Litinin zuwa Juma'a da ƙyar za ka ji muryar mutumin nan. Ko a coci, idan ana waƙa, leɓensa kawai ke motsi. Maƙwabtanmu sun daɗe suna ɗauka ni na danne shi, alhali Allah ya sani haka na same shi.

Amma ranar Asabar wani mutum ne daban. Da azahar zai sa rigarsa mai dogon hannu, mu hau bas mu nufi Sabon Gari, ni da kular zoɓona, shi da carbin maganganun da ya tara a ciki duk mako. A wani lungu kusa da kasuwa akwai gidan kallo, rumfa ce ta kwano da katako, benci a jere, babbar talabijin a kan tebur, janareta a baya yana ta tari. A gefen talabijin ɗin aka ajiye kujerar. Nan yake zama da makirufo a hannu ɗaya, rimot a ɗaya hannun, Turawa suna magana a ciki shi yana mayar wa jama'a da Hausa nan take, ba tare da ya taɓa ganin faifan ba, don mu ko na'urar kallo ba mu da ita a gida. Ana farawa bayan la'asar, a tashi da kiran magariba. Ni kuma ina bakin ƙofa ina sayar da zoɓo, rabin idona a kan canji, rabi a kan mijina.

Kowa a wurin Malam yake ce masa. Mahauta, 'yan acaɓa, makanikai, teloli, Inyamurai masu kayan gyaran mota waɗanda Hausa ta fi zauna musu a kunne fiye da Turancin hanci, duk Malam. Idan ya shigo ana matsa masa hanya. Mutumin da a ofis ake kira da “kai, zo nan.” Wannan ne abin da yake zuwa nema, ba ɗan abin da mai gidan kallon yake damƙa masa idan an tashi ba, wanda da ƙyar yake wuce kuɗin motarmu.

Fim ɗin da ya tara jama'ar mai dogon zango ne, mu dai fim ɗin kumbo muke ce masa. Labarin wani kumbo ne mai dakon ruwa, yana ɗebowa daga wata duniya mai ƙanƙara ya kai wa wata da ta bushe, a hanya kuma ga 'yan fashi, ga halittu masu dogon wuya da ke tare hanya suna neman cin hanci. Mutanen Sabon Gari ba su sha wahalar gane wannan ba, direban tanka ne kawai aka kai sama. Maigidana ya ba kowa muryarsa. Mutum-mutumin ƙarfen da ke gadin injin Sakkwatanci yake yi. Masu dogon wuya kuwa Hausar tsofaffin Turawan mishan ya ba su, idan suka buɗe baki sai wurin ya kece da dariya.

Kuma yana gyara musu tarbiyya. Turawan nan sai su faɗo wa mutum ɗaki ba sallama, su hau magana ba ina kwana ba ina gajiya. Shi kuwa sai ya sa musu “gafaranku dai,” ya sa musu “ya iyali.” Idan mace da namiji suka fara matsowa kusa da juna fiye da kima, ya danna rimot a wuce. Kowa ya san yana sa gishiri. Ina so a riƙe wannan. Ba wanda bai sani ba, kuma gishirin ne yake kawo su, don akwai wani gidan kallon a layi na gaba da ake nuna fim ɗin tsura, ƙudaje ne kawai a kan bencinsa.

Kyaftin ɗin kumbon wani dattijo ne kakkaura mai farin gashin baki, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Tsoho muke ce masa. Ba ya gaggawa, ba ya harbi sai ya zama dole. Idan 'yan fashi suka tare su, zama yake yi da su a yi ciniki har su gaji su ba shi hanya. Maigidana ya ba shi muryar dattawan cikin birni, a hankali, da ɗan gyaran murya kafin kowace magana. Zango uku muka yi da Tsoho. Akwai wani mahauci, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda ke zama a bencin gaba, ya taɓa cewa da Tsoho zai tsaya takarar kansila da shi zai yi masa yaƙin neman zaɓe.

Sai ga zango na huɗu ya iso. Ranar wurin ya cika har ana tsayuwa, zoɓona ya ƙare tun ba a fara ba. Aka sa faifai, kiɗan da muka saba ya tashi, ƙofar ɗakin tuƙi ta buɗe, sai ga wani saurayi dogo, gashi ya zubo masa har ido, ya tako da ƙafafunsa biyu lafiya lau ya zauna a kujerar Tsoho. Ma'aikatan kumbon suka sara masa. Matar Tsoho ta kawo masa shayi.

Mahaucin ya ɗaga hannu. “Malam, tsaya. Wane ne wannan?”

Maigidana ya tsayar, ya mayar baya, ya kasa kunne. Ya ce, “Wai shi ne Kyaftin.”

“Wane Kyaftin?”

“Kyaftin dai. Da sunan Tsoho suke kiransa.”

“To shi Tsohon yana ina?”

“Ba su faɗa ba.”

Aka ci gaba da kallo ana jira a faɗa. Aka gama kashi na farko, aka shiga na biyu, ba wanda ya ce uffan. Mutum ya yi shekaru yana jan ragamar kumbo, ya fitar da su daga bakin mutuwa ba sau ɗaya ba, a wayi gari wani ya zauna a wurinsa ya amsa sunansa ya sha shayinsa, kuma ko mutum-mutumin ƙarfen bai waiga ba. Haba. Ko akuya ce ta ɓace a gida ai ana fita cigiya. Ni kaina a bakin ƙofa haushi ya cika ni.

Abin da ya fara zuwa wa kowa a rai shi ne jabu aka sayar mana. Kada a yi mana dariya. Mu da muka sha jabun magani, jabun batir, jabun man gyaɗa, me zai hana a yi jabun Kyaftin? Wani makanike ya rantse ya san inda ake yi, wai a wani bene ne a kudu ake tara Turawan da ba su da aikin yi a sa musu kaya. Ana tashi, mahaucin da mai gidan kallon suka tasa maigidana a gaba sai shagon mai faifai a cikin kasuwa, ni ma na bi da kulata. Bawan Allahn nan ya yi rantsuwa da Hausa, ya yi da yarensu, ya ɗauko wani faifan daga wani kwali daban ya sa, ya aika aka aro na maƙwabcinsa ya sa. Duk wannan mai gashin ne. Ya ce wa mahaucin, “Alhaji, idan jabu ne, to daga can inda suka yi shi suka yi jabun.” Mahaucin ya tsaya yana huci, ya rasa wanda zai shaƙe.

Daga nan gidan kallo ya rabu biyu, har wurin zama. 'Yan Tsoho a dama, 'yan Yaro, wato masu son sabon saurayin, a hagu. 'Yan Yaro yawancinsu 'yan acaɓa ne da samarin gareji. Su a wurinsu gara da aka yi haka, wai Tsoho surutu ya yi masa yawa, sai a cinye kashi guda yana ciniki da masu dogon wuya, shi kuwa wannan naushi ɗaya yake yi a wuce wurin. 'Yan Tsoho suka ce naushin nasa ne ya fasa tankin ruwa tun ba a je ko'ina ba, yaro ne mara kunya, ko zama bai iya ba, sai ya ɗora ƙafa a kan tebur. Wani Inyamuri mai sayar da kayan gyara ya ce shi ya gane labarin sarai, yaron shago ne ya cinye ubangidansa, ya ga irin haka da idonsa. Wani ya ce halittun ne suka sauya wa Tsoho fuska, a yi haƙuri za a bayyana. Aka ce to ƙafar fa, ita ma sauya ta suka yi? Akwai wani tela, dattijo ne a cocinsu, ba ya son hayaniya, shi ya faɗi abin da ke cin kowa. Ya ce shi ba fuskar ce ta dame shi ba, mutane suna tafiya wasu su zo, amma a ce a cikin kumbon nan kaf ba mai bakin tambaya.

Gardamar ba ta tsaya a rumfa ba. Ana yin ta a tasha, ana yi a wurin mai shayi. Mahaucin ya daina yi wa 'yan Yaro gyara idan sun zo sayen nama, ya ce su je mai gashi ya ƙara musu. Ni ma ba zan ɓoye ba, 'yar Tsoho ce ni ta gaske, kuma wanda na ji yana yabon Yaro ba ya samun zoɓo mai ƙanƙara a hannuna.

Abin dariya ne da a nan ya tsaya. Amma manya suka fara janye jiki. Telan ya daina zuwa, Inyamuran suka ragu, bencin dama ya zama fili. Samarin da suka rage kuma ba fassara ce ta dame su ba, naushi ba ya buƙatar a mayar da shi Hausa. Maigidana yana magana suna ihu a kansa. Wata Asabar da aka tashi, mai gidan kallon, wanda muke ce wa Oga, ya kira shi gefe, a gabana. Ya nuna masa wani farantin tauraron ɗan'adam da aka kafa a kan rufin wani shago. Ya ce, “Malam, ka ga wancan? Ƙwallon Turai suke nunawa, wurin ba masaka tsinke. Idan bencina ya ci gaba da zama haka, ni ma shi zan sa. Ƙwallo kuwa ba ruwanta da mai fassara.”

Sai da muka isa gida, na zuba wa maigidana tuwo, ya zauna yana kallonsa, sannan ya ce, “Maman yara, ba sabon ne ya kore su ba. Sallama ce ba a yi musu ba.”

Na ce, “To Turawan ba su yi ba, Baban yara, kai za ka yi musu?”

Ya ce, “Zan gwada.”

Ban hana shi ba, kuma yau da za a sake ba zan hana ba.

Asabar ta gaba ya roƙi mahaucin ya jawo masa mutanensa, ya ce akwai bayani. Ana tsakiyar kallo sai aka kira Yaro a rediyon kumbo, murya tana ƙara tana yankewa. Maigidana ya rage sautin talabijin, ya yi ɗan gyaran muryar nan da muka yi kewa. Ya ce da muryar Tsoho, “Ɗana, ya hanya? Ka riƙe mini mutanena da kyau. Ƙafar nan ce ta matsa mini, likitoci sun ce sai na kwanta. Ka gaishe da kowa da kowa.” Sannan ya juyo da tasa muryar ya yi wa jama'a bayani: Yaro ɗan ƙanin Tsoho ne, sunan baffansa aka sa masa, shi ya sa ake kiransu da suna ɗaya. Riƙon ƙwarya yake yi kafin Tsoho ya warke.

Ka ji yadda wurin ya sauke numfashi. Mahaucin ya bugi cinyarsa ya ce, “To ai da sai su faɗa tun farko. Takwara ne ashe. Malam, ka ce muna masa sannu.” Aka yi dariya, amma dariyar jin daɗi. Ba wawaye ba ne mutanen nan, sun san wasa ne, sun san muryarsu ba ta kaiwa sama. Sai dai sun yarda cewa a cikin fim ɗin aka faɗa, kuma da yawa sun ɗauka shi kansa ɗan wasan ne ƙafarsa ta tashi, don ɗingishin nan ba na koyo ba ne.

Shi ke nan, benci ya sake cika. Telan ya dawo. Kowace Asabar, da zarar rediyon kumbo ya yi ƙara, sai a yi tsit. Tsoho yana gaishe ku. An yi masa aiki a gwiwa. Ya fara takawa da sanda. Ya ce a gaya wa Yaro ya rage zafin kai. Nan 'yan dama za su juya su kalli 'yan hagu, su ce kun ji dai. Har 'yan Yaro suka sassauta, tunda nasu ba ƙwace ya yi ba, aro aka ba shi. Gardamar ta koma kan ranar da Tsoho zai dawo, da ko Yaro zai tashi da girma da arziki ko sai an ɗaga shi. Mahaucin ya yi alkawarin balangu ga duk wanda ke wurin a ranar. Matar Tsoho ce kawai ta so ta ba mu matsala, don kallon da take yi wa ɗan ƙanin mijinta ba na matar baffa ba ne. Rimot ya sha aiki. Da mahaucin ya tambayi abin da take raɗa masa a kunne, maigidana ya ce faɗa take yi masa kan aski.

Na taɓa tambayarsa yadda zai ƙare da wannan. Ya ce ai a fim ba a rasa dawowa, tabbas rigima ce ta kuɗi suka yi, za su shirya. Da gaske ya yarda da haka. Shi ma jiran Tsoho yake yi kamar kowa.

Sai ga ɗaliban jami'a daga Samaru, su uku, sun ji labarin akwai sabon faifai a Sabon Gari. Suka sayi zoɓona suka zauna a bencin baya. Tun da aka fara nake jin suna ƙus-ƙus suna ƙunshe dariya, Hausa rabi Turanci rabi. Na sha jinin jikina. Ina ta yi wa maigidana alama da ido ya bar gaisuwar yau, amma idan yana kan kujerar nan ba ya ganin kowa. Rediyo ya yi ƙara, ya rage sauti, ya gyara murya, ya ce Tsoho yana gaishe ku.

Ɗaya daga cikinsu, siriri mai tabarau, ya miƙe. Ya ce, “Baba, ba haka aka ce ba fa. Cewa aka yi famfon baya ya toshe.”

Aka juyo ana kallonsa. Da ya ga ido a kansa sai abin ya yi masa daɗi. Ya tako har tsakiya, ya ce babu wani ɗan ƙani, babu wani takwara, mutum ɗaya ne a labarin, ɗan wasa kawai aka sauya. Ya ce shi ya karanta a shagon intanet: wanda yake fitowa a Tsoho ya rasu tun kafin a fara ɗaukar wannan zangon, ciwon zuciya ne, shi ya sa aka nemo wani. Ya faɗa yana murmushi, kamar wanda ya ci kacici-kacici.

Janareta kawai ake ji. Mahaucin ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Telan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Wani ɗan acaɓa, ɗan Yaro na ƙin ƙarawa, ya sunkuyar da kai. Wannan ɗan lokacin na ga mutuncinsu, kuma ni ma idona ya kawo ruwa, don ashe ba wulaƙanta Tsoho aka yi ba, ƙasa ce ta rufe shi muna nan muna jiran ya ajiye sanda.

Sai mahaucin ya miƙe ya fuskanci maigidana. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, “Malam, ashe duk watannin nan gaisuwar mamaci kake kawo mana, mu kuma muna amsawa?”

Maigidana ya ce, “Alhaji, ban san ya rasu ba. Allah ya sani ban sani ba.”

“Amma ka san bai gaishe mu ba.”

Makirufon yana hannun maigidana a kunne, har numfashinsa ake ji a lasifika. Telan ya ce shi har a addu'ar safe ya sa ƙafar mutumin nan. Wani ya ce an mai da su yara. Aka fara fita ɗaya bayan ɗaya tun ba a kira magariba ba.

Ban ce zafin da mahaucin ya ji ƙarya ne ba. Ka yi ta yi wa mutum sannu alhali yana kabari, abin yana da nauyi, na sani. Amma wa ya jawo? Su can da suka yi fim ɗin, mutuminsu ya mutu a hannunsu, suka kasa ware ko minti ɗaya su ce jama'a ga abin da ya faru, suka ɗauko wani suka dasa kamar an sauya tayar mota. Shi kuma mai tabarau, da yana da tarbiyya, ba sai ya jira a tashi ba, ya ja dattijo gefe ya ce Baba ga abin da na karanta? Sa'an ubansa ne fa. A'a, sai a tsakiyar jama'a, don a san ya shiga shagon intanet. Su kuma da suka yi shekaru suna lashe gishirin mijina suna neman ƙari, yau ne suka gano abincin da gishiri.

Makon nan maigidana bai ci abincin kirki ba. Amma bai yi fushi da kowa ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Cewa yake yi suna da gaskiya, shi ya wuce gona da iri. Ya shirya abin da zai faɗa ranar Asabar kafin a sa faifai: zai nemi gafararsu, ya gaya musu dalilinsa, sannan ya roƙi kowa ya yi wa mamacin addu'a ta hanyar addininsa, a yi masa sallamar da ba a yi ba. Ina jinsa yana maimaitawa a bayan gida yana wanka. Da kansa ya goge rigarsa.

Tun daga bakin lungu muka ji murya a lasifika. An riga an fara, kuma ba muryar talabijin ba ce. Muka ƙarasa. Ga mai tabarau a kan farar kujera, ya harɗe ƙafa, makirufo a hannu. Wurin a cike. Yana fassara daidai-wa-daida, kalma bayan kalma, mutum-mutumin ƙarfe da masu dogon wuya da matar Kyaftin duk murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa. Oga yana bakin ƙofa. Da ya gan mu ya sosa ƙeya ya ce, “Malam, ai na ɗauka ka gane.” Ko aike bai yi mana ba, ya bar mu muka biya kuɗin mota muka zo.

Maigidana ya shiga ya tsaya daga gefe, jikin katako, hannayensa a baya. Ina kallo. Sun gan shi, don na ga idanu suna zuwa kansa suna komawa talabijin da sauri. Ba wanda ya matsa masa a benci. Telan ya duƙufa yana gyara madaurin takalminsa. Mahaucin ya ɗan karkata kai, na ce to ga shi zai yi magana, sai ya ce, “Malam, ɗan gusa, ka tare wa na baya.”

Nan na ajiye kula a ƙasa. Ban san lokacin da na isa gaban talabijin ba. Na ce, “Ku ba ku da kunya? Watanni kuka yi kuna faɗa a kan Baturen da bai san an haife ku ba, har da raba benci, har da hana gyaran nama, wai an sauya shi ba a tambaya ba. To ga naku nan a tsaye. Shekara nawa yana hawa mota daga Samaru yana zuwa ya kashe muryarsa a kanku? An ɗaga shi an dasa wani, wa ya buɗe baki a cikinku? Alhaji, kai da ka je har kasuwa neman Tsoho, wannan ko taku biyu ba ka yi ba.”

Ba wanda ya kalle ni a ido. Can daga baya wani ya ce, “Madam, don Allah a bari mu ji.” Mai tabarau ya danna rimot ya ƙara sauti.

Maigidana ya zo ya taɓa mini kafaɗa. Ya ce, “Maman yara, ya isa. Mu je.” Ya sunkuya ya ɗauki kular zoɓon, cike take ko kofi ɗaya ban sayar ba, ya rungume ta a kan gogaggiyar rigarsa muka fito.

Daga lungun zuwa tasha da ɗan tafiya. Ni ina gaba ina ta zazzaga masifa, ina lissafa wanda zan daina gaisarwa. Sai na lura ba ya kusa da ni. Na waiga, na gan shi a baya yana tafe a hankali da kula a hannu, yana ɗan tsayawa yana duba bakin lungun, ko wani zai fito ya kira shi. Na rage sauri na yi shiru. Muka bar bas ta farko ta cika ta tafi, muka bar ta biyu. Ba wanda ya fito.